Yadda Muka Je Garwa Neman Dabarar Fitar da Bappa Daga Ruwa

Tun da na fara riƙe fensir a ajin yaƙi da jahilci, abokan karatuna da masu zama a bakin shagona na ɗinki a kasuwar Jimeta suke damuna da tambayar yadda tafiyarmu ta Garwa ta kasance. Na ba da labarin da baki har na gaji. Kowa ya ɗauka sai ya ƙara nasa, har na ji wani yana rantsuwa wai a jirgin sama muka je. Malaminmu ya ce tun da hannuna ya fara faɗawa, in zauna in rubuta da kaina. Hannun ba ya sauri, amma ni tela ne, zaman haƙuri ba baƙona ba ne.

Sai na fara da dalilin tafiyar. Sunana Hamman, a Rumde nake zaune, can gangare wajen Binuwai. Gidan da ya fi kowane kusa da kogi a unguwarmu shi ne na Bappa Sa'adu, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. A farkon zamanin Jihar Arewa maso Gabas, wata damina kogi ya cika ya shigo mana. Dattawan unguwa suka yanke cewa kowa ya tafi gidan danginsa a kan tudu. Magana ce mai kyau, sai dai Bappa ba shi da kowa a tudu sai 'yarsa ta fari, wadda ko sunanta ba ya faɗa, kuma gidan na mijinta ne. Ya tura iyalinsa, shi ya zauna. Da ruwa ya cika tsakar gida sai ya hau kan rumbu.

Masunta sun wuce ta gefensa a kwale-kwale suna neman waɗanda suka maƙale. Bappa ya ɗaga musu hannu ya ce sannunku da aiki, ya tambaye su iyali da gajiya. Suka amsa suka wuce, a zatonsu hatsinsa yake gadi. Suka dawo, ya sake gaishe su. Sai da ɗaya daga cikinsu ya lura rumbun ya karkace, sannan suka sauko da shi da ƙarfi. Ba zai buɗe baki ya ce a taimake shi ba, domin a wurinsa dattijon Bafulatani ba ya ihu.

Bayan ruwa ya janye na je gaishe shi. Ya ce mini, “Hamman, sun ɗauke ni kamar buhun dawa, mata suna kallo. Baɗi ko ruwa ya kai wuya, kada wanda ya taɓa ni.” Na dubi katangar ɗakinsa, duk ta tsage daga ƙasa. Na san ba za ta sake jure wani ruwan ba.

Da bazara ta zo, duba-gari ya kawo labari cewa 'yan agaji na Garwa, a ƙasar Kamaru, suna koyar da mutanen bakin kogi yadda ake shirin ambaliya, kuma sun ce mu ma mu turo namu, tun da ruwan da ke cinmu ta ƙofarsu yake fara wucewa. Mai unguwa ya zaɓe ni saboda ina jin Fillanci kuma na fara haɗa baƙi. Ya haɗa ni da Mala Bukar, Babarbare mai sayar da kanwa da turare, wanda gidansa ke kan tudu kusa da kasuwa. Ya girme ni sosai, amma tun da ni Bafulatani ne, tsakaninmu sai wasa. Ranar da aka gaya masa, cewa ya yi, “Madalla, an ba ni mai ɗaukar kaya.”

Bappa bai raka ni ba, amma ya aiko da dakkere, dambun geron Fulani, a ƙwarya da nono a gora. Mun tashi daga bakin kogin Jimeta da sassafe a wani babban kwale-kwale mai inji, cike da gishiri da kananzir. A lokacin bakin kogin nan gari ne guda: ga rumbunan ajiyar kamfani, ga masu dako suna waƙa, ga mata masu soya kifi. Yanzu in na bi ta wurin sai in ji shiru ya yi yawa.

Ruwa ya yi ƙasa ƙwarai, saboda haka tafiyar rabi a jirgi ce rabi a ƙafa. Mu yi gaba kaɗan sai jirgin ya zauna a kan yashi. Mai jirgin, wani baƙin ƙato mai Hausar bakin ruwa, sai ya miƙe ya ce, “Jama'a, jirgi ya gaji, mata ya zauna, maza ya sauka!” Mu naɗe wando mu tura. A wata turawar yashi ya haɗiye takalmin Mala Bukar na ƙafar hagu. Muka tona, muka lalube, babu. Ya ce lalle wani Bafulatani ne a ƙarƙashin ruwa ya sace. Wani makiyayi da ke cikin jirgin ya ce masa ai Barebari ba su daɗe da fara sa takalmi ba, ƙafar za ta tuna da gida. Jirgi duka aka yi ta dariya, shi ma yana yi.

Mun sauka a wani ƙauyen masunta kafin magariba. Suka ba mu rumfa da tabarmi, suka kawo tuwon dawa da miyar kifi mai yaji wanda ya sa makiyayin nan hawaye. Ba su tambayi ko mu su wane ne ba sai da muka ci muka sha. Da na ce musu koyon shirin ambaliya za mu, wani tsoho ya ce su shirinsu ɗaya ne, ba sa gina abin da za su yi kuka in ya tafi.

Iyaka ba komai ba ce sai rumfar kwano da tuta a bakin gaɓa, gaba kaɗan da inda ruwan Faro ke shigowa. Wani jandarma mai gajeren wando ya tsare mu, yana ta Faransanci da ƙarfi. Ya karɓi takardarmu ta wucewa, sannan ya nuna damtse, wato yana son ganin tabon lambar rigakafi. Tawa rigar hannunta matsattse ne, ni na ɗinka abata, ya ƙi naɗuwa. Dole na tuɓe ta gaba ɗaya a gaban matan jirgi. Cikin jin kunya na yi wata magana da Fillanci a ƙasa-ƙasa. Sai jandarman ya tsaya, ya dube ni, ya tambaye ni da Fillanci tsantsa ni ɗan gidan wane ne. Ashe uwarsa mutuniyar Gurin ce, a ɓangarenmu na iyaka. Faransanci ya tafi, aka koma gaisuwa da tambayar dangi.

Da ya juya kan Mala Bukar ya ga tsagen fuskarsa da takalmi ƙafa ɗaya, sai ya ce, “Wannan bawan naka, a ina ka saye shi da araha haka?”

Mala Bukar ya ce, “Ka gaishe da ubangijinka da kyau, ko in sa a tuɓe maka wannan wandon na yara.”

Sai da Mala Bukar ya ba jandarman goro kafin ya bar shi ya wuce, suna ta zagin juna kamar sun shekara da sani. A nan na gane iyakar ta Turawa ce, wasanmu bai san da ita ba.

Garwa ta ba ni mamaki ta wurare da dama. A lokacin motocinmu hannun hagu suke bi, nasu kuwa dama. Ranar farko na duba inda na saba dubawa na shiga titi, wani mai keke ya kwashe ni muka zube tare. Burodinsu dogo ne mai tauri kamar sandar kiwo, a hammata ake riƙe shi ba a ko naɗe shi. Da rana ta take kuwa sai kowa ya rufe ofis da kanti ya tafi barci, har mai sayar da takalmi, saboda haka Mala Bukar ya yi yini guda a birnin mutane da ƙafa ɗaya a ƙasa.

An sauke mu a gidan wata dattijuwa, Dada Asta, mai dafa wa baƙin kasuwa abinci. Miyar yakuwarta da man gyaɗa, wadda suke kira folere, har yau ban ci irinta ba. Da safe takan ba mu kofi baƙi ƙirin mai ɗaci. Ni ina sha don kunya ina cewa ya yi daɗi, ita kuma tana ƙara mini. Mala Bukar ne ya cece ni, ya ce mata, “Inna, kada ki biye wa Fulata, ko guba kika ba shi godiya zai yi.”

Karatun a wata rumfa ake yi kusa da tashar jiragen ruwa. Malaminmu a can Malam Umaru ne, tsohon ma'aikacin asibiti, ɗan siriri mai usur a wuya. Mun taru da mutanen ƙauyukan bakin kogi, ana bayani da Fillanci, wani yana juya wa waɗanda ba sa ji. Ya kai mu ya nuna mana wata doguwar sanda da suka kafa a gaɓa, an shafa mata fenti fari a ƙasa, ja a sama. Akwai mai duba ta safe da yamma. In ruwa ya taɓa ja, sai a buga wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiya, kuma ba a buga shi don biki ko taro, don kada kunne ya saba. Ya ce kowane gida ya ɗaure ƙunshi tun farkon damina, da gari da ashana a cikin kwalba da igiya, a rataye kusa da ƙofa. Ya koya mana a tafasa ruwan sha bayan ambaliya ko da rijiya ta yi kama da ta washe, domin ya ce a asibiti waɗanda zawo ya kawo masa sun fi waɗanda kogi ya ci.

Mun koyi jefa igiya da gora a ɗaure a bakinta, da yadda ake kifa wanda ya sha ruwa a danna bayansa, da ɗaukar marar lafiya a kan ƙyauren ƙofa. Da aka zo gwada ɗauka, Mala Bukar ya yi wuf ya kwanta a kan ƙyauren, ya ce shi ne marar lafiya, Fulani huɗu su ɗauka. Muka ɗauke shi muka zaga rumfar yana ɗaga wa mutane hannu.

Duk wannan ina koyo, amma zuciyata tana kan Bappa. Ƙarfe ba zai tashe shi ba, igiya kuwa ba zai kama ba. Wata rana bayan an tashi na tsaya na ba Malam Umaru labarin rumbu da masunta. Na zaci zai yi dariya, bai yi ba. Ya ce, “Ƙarfen nan mata yake fitarwa da yara da matsorata irina. Mu ma da gidan dangi muke tura mutane, sai muka ga dattawa sun gwammace ruwa da gidan suruki. Gobe da la'asar akwai gwaji, ka tsaya kusa da ni.”

Washegari aka buga ƙarfe a wata unguwar gangare. Ƙasa a bushe, rana tana nan, amma mutane suka fito da ƙunshinsu suka nufi tudu, yara suna tsalle. Malam Umaru ya ja ni zuwa wani zaure. Ga wani dattijo zaune a kan buzu da carbi, ko kai bai ɗaga ba. Can sai ga wata tsohuwa Babarbariya ta shigo ba sallama, ta tsaya a kansa ta kama ƙugu.

Ta ce, “Tashi, bawana, kada kogi ya cinye mini dukiya.”

Ya ce, “Wa ya bar wannan kuyangar ta shigo mini zaure?”

Ta ce, “Ƙafar ce ta mutu, ko goyo kake so? Ga zane.”

Ya miƙe wai zai kore ta, ta ɗauke butarsa ta yi gaba. Ya bi ta yana faɗa, tana ramawa, har suka kai tudu, mutane na dariya, shi ma gemunsa na rawa. Ba wanda ya ce ya gudu, ai butarsa ya bi.

Malam Umaru ya ce yanzu ba sa tambayar dattijo ina danginka. Tambayar da suke yi ita ce wane ne abokin wasanka, ko taubashi ne, ko jika, ko Babarbare. Gidan wannan mutumin ne masaukinsa, kuma shi ne zai zo ya fitar da shi, domin a gabansa ne kaɗai zai ci ya sha ya kwanta ba kunya.

Na juya na kalli Mala Bukar. Ya ce, “Kada ka kalle ni. Bappanka ko gaisuwata ba ya amsawa sai ya haɗa da zagi.” Na ce ai shi ya sa. Sai ya ce, “Akwai ɗaki a bayan shagon kanwa. Sai a share.”

Ranar da za mu taso Dada Asta ta ba ni ƙullin kofi, ta ce ta ga ina so. Ruwan sama ya riga ya fara sauka a duwatsu, kogi ya ɗan ɗago, jirgi bai zauna ko sau ɗaya ba a dawowa. Mun taho da alkawari cewa in ruwa ya taɓa ja a Garwa za su buga waya zuwa Jimeta.

Muka kafa sandarmu a gaɓar Rumde, muka rataya ƙarfe a tsamiyar masallaci, mai unguwa ya sake raba masauki bisa abokan wasa. Bappa ya zo ya zaga sandar, ya ce, “Har Kamaru kuka je don ku koyo tsorata kogi da kara?” Ban gaya masa an ba shi ga Mala Bukar ba.

Can tsakiyar damina waya ta zo. Muka bi gida-gida muka faɗa. Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi ruwa ya taɓa ja, aka buga ƙarfe. Mutane suka fita cikin natsuwa, abin da ban taɓa gani ba a unguwarmu. Iyalin Bappa suka tafi. Ni da Mala Bukar muka shiga muka same shi a ƙofar ɗakinsa a kan gadon kara, ruwa ya fara malalowa ta ƙarƙashin katanga.

Mala Bukar ya yi duk abin da tsohuwar Garwa ta yi. Ya kira shi bawa, ya yi masa tayin goyo, ya ɗauke butar. Bappa ya rama kowace magana da wadda ta fi ta, har yana dariya, amma bai motsa ba. Ya ce, “Tafi da butar, na ba ka sadaka. Na san wanda ya turo ka.” Ya dube ni, na sunkuyar da kai. A Garwa gwaji ne a kan busasshiyar ƙasa, kowa ya san wasa ne. Nan kuwa ruwan gaske ne, kuma Bappa ya riga ya yi magana a bara.

Ruwa ya kai idon sawu. Mala Bukar ya ajiye butar, ya tattare babbar rigarsa, ya hau gadon ya zauna kusa da Bappa. Ya ce, “To, shi ke nan. Hamman, tafi ka gaya wa iyalina ina gidan Sa'adu.”

Bappa ya ce, “Tashi ka bar mini gida.”

Ya ce, “Ban tashi.”

Na tsaya a tsakar gida ban san abin yi ba. Ruwa ya kai ƙwauri, ja ne mai sanyi, yana tafe da kara da kashin awaki. Sai katangar baya ta faɗi gaba ɗaya, ruwa ya bugo gadon har ya juya. Mala Bukar ya ƙanƙame ginshiƙin rumfa, fuskarsa ta sauya, ya fara salati da ƙarfi. Ya ce, “Sa'adu, wallahi ban iya ruwa ba. Ko a rafi ban taɓa iyo ba.”

Bappa ya dube shi. Sai ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya daka mini tsawa, “Hamman, me kake kallo? Kama mini wannan Babarbaren, kada ya mutu a gidana a ce na kashe baƙo!”

Haka muka fita. Bappa a gaba yana lalubar hanya da sanda, domin ya san kowane rami a unguwar, hannunsa ɗaya riƙe da wuyan rigar Mala Bukar, ni a baya ina tallafe. A kwararon masallaci ruwa ya kai mana ƙugu. Bappa yana ta cewa, “Taka nan, matsoraci. Ɗaga ƙafa. Haka za ka mutu ka bar ni da bashin likkafani.” Mutanen da ke kan tudu suka ga dattijo ya fito da mutum daga ruwa, suka yi ta sa masa albarka. Bappa ya kai Mala Bukar har ƙofar gidansa, ya ce ba zai tafi ba sai ya ga hankalinsa ya dawo. Kafin la'asar ɗakin Bappa ya zauna cikin ruwa.

A ɗakin bayan shagon kanwa Bappa ya zauna har kogi ya koma. Yana ci yana kushe abincin, wai Barebari ba su san nono ba. Da aka zo sabon gini ya yarda aka ja gidan sama kaɗan, ya ce don kada wani sakarai ya sake zuwa ya nutse masa a gida. Daga nan duk inda aka zauna sai ya ba da labarin ranar da ya ceci Babarbare, kuma kowace shekara ruwan labarin yana ƙara zurfi. Mala Bukar yana zaune yana ji, bai taɓa gyara masa ko kalma ɗaya ba.

Bappa ya rasu da rani, a kan gadonsa, bayan gajeriyar jinya. Mala Bukar ne ya zauna tare da mu karɓar gaisuwa har aka share makoki. Da mutane suka ragu na matsa kusa da shi, na ce, “Mala, don Allah in tambaye ka. Ranar nan, da gaske ba ka iya ruwa ba?”

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya goge ido da hannun riga, ya ce, “Kai ma Fulata ne, ba ka da hankali. Mutum ya cece ni, ka bar masa ladansa.”